Tambaya da Amsa: Akwatin da Ke Cin Jarka Arba'in

Masu karatu, assalamu alaikum. Cikin saƙonnin da suka iso mini a watan nan, huɗu sun haɗu a kan kalma guda, wato kubik mita, wadda ake rubutawa m³ a takardun gini da na ruwa. Na daɗe ina koyar da lissafi a sakandare a nan Sakkwato kafin in koma duba wa mutane aikin gini. Na ga yadda kalmar nan ke ka da yara a jarrabawa, na kuma ga yadda take cin kuɗin iyayensu a filin gini da bakin famfo.

TAMBAYA: Malam, ina gini a Mabera, mun kai zuba dekin. Injiniya ya rubuta cewa za a zuba kankare kubik mita 18. Shi kuwa birkila da buhu da tifa yake magana. Na rasa yadda zan haɗa maganarsu, kuma aljihuna ne zai biya. Mene ne kubik mita, siminti nawa kuma zan saya? (Wani magidanci, Mabera)

AMSA: Alhaji, Allah ya sa a gama lafiya, a shiga lafiya. Kafin mu taɓa lissafi, ina so ka fara ganin abin da ido.

Lokacin da nake aji, duk shekara bayan an yanke gero nakan sa yara su zo mini da kara goma sha biyu masu ƙwari. Sai mu yanke kowanne daidai mita guda. Mu shimfiɗa huɗu a ƙasa su haɗa kusurwa huɗu, mu kafa huɗu a tsaye a kan kusurwoyin, mu ɗora huɗun da suka rage a sama, mu ɗaure da igiyar kaba. Abin da ya fito akwati ne marar bango, tsawonsa mita guda, faɗinsa mita guda, tsayinsa mita guda, bakinsa yakan tsaya mini wajen cibiya. Duk abin da ya cika cikin akwatin nan, ruwa ne ko rairayi ko gero, shi ne kubik mita ɗaya.

Daga nan sai in ɗauko jarka mai ruwan ɗorawa, irin ta 'yan garuwa mai cin lita 25, in ajiye ta gefen akwatin a ƙarƙashin dogon yaro, in ce su faɗa mini guda nawa za a juye kafin ya cika. Wani ya ce goma, wani ya ce sha biyar. Da wuya ka ji wanda ya kai ashirin da biyar. Amsar kuwa arba'in ce, domin kubik mita ɗaya lita 1,000 ne cif. Akan ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Haka ne idan tsawon igiya ake magana ko faɗin tabarma. In aka zo ga cikin abu, ido yakan gaza, kuma galibi ƙasa yake yi.

To, dekinka. Ba ka faɗa mini girman ginin ba, amma ga yadda ake samun 18. A ce tsawonsa mita 12, faɗinsa mita 10, kaurin kankaren santimita 15, wato inci shida a bakin magina. Ƙa'idar ita ce tsawo sau faɗi sau kauri, da sharaɗin a mayar da duka ukun mita. Santimita 15 shi ne mita 0.15. Idan ka yi 12 sau 10, ka sami 120. Wannan murabba'in mita ne, fuskar ɗakin kawai, abin da mai tayil ko mai kafet yake buƙata. Sai ka ninka 120 da 0.15, ya ba ka 18. Nan ne ka shiga kubik mita, domin ka sa kauri a ciki. Ka tambayi injiniyan ko bim-bim, wato ginshiƙan kwance da ke tallafe dekin, suna cikin 18 ɗin ko daban ya ƙirga su, don sukan ci kankare fiye da yadda ake zato.

Ka lura da yadda kauri ke da tsada. Idan katakon da kafinta ya kafa ya lotsa, kankaren ya ƙaru da santimita biyu kacal, faɗin yatsa guda ke nan, to 120 sau 0.02 ya zama kubik mita 2.4. Wajen buhun siminti 15 ke nan da ba su cikin lissafinka. Shi ya sa nakan hau da kaina in duba katakon da igiya kafin ranar zubi.

Wani abin kuma, maginanmu da ƙafa suka saba awo, shi ya sa za ka ji ana cewa ɗaki sha biyu sha biyu. Mita guda ƙafa uku ne da inci uku da 'yan kai, kubik mita ɗaya kuwa kubik ƙafa 35 ne da ɗoriya. Tef yana da lambobin duka biyun, gefe da gefe. Ka zaɓi gefe ɗaya ka tsaya a kansa har ka gama.

Yanzu maganar buhu. Haɗin da aka fi sani shi ne 1:2:4, kwano ɗaya na siminti, biyu na rairayi, huɗu na tsakuwa. Buhun siminti mai kilo 50, irin wanda ake lodowa daga masana'antar siminti ta Kalambaina, yana cin wajen lita 35, kusan kwanon gini biyu. Don haka buhu guda yakan tafi da kwano huɗu na rairayi da takwas na tsakuwa. Amma akwai wani abu da yake rikita masu gida. Cika mudu da gyaɗa mai ɓawo, sannan ka riƙa zuba gero a kai kana girgizawa. Za ka ga geron yana ɓacewa cikin tsakankanin gyaɗar, mudun bai ƙaru ba. Haka kankare yake. Rairayi yana shigewa tsakanin tsakuwa, siminti yana shigewa tsakanin rairayi, ruwa ya danne su duka. Saboda haka sai ka tara busassun kaya wajen kubik mita ɗaya da rabi kafin ka sami kubik mita ɗaya na kankare. A haɗin 1:2:4 kowane kubik mita yana cin buhu shida da ɗan ƙari. Na 18 ɗinka zai kama wajen buhu 114, ka tanadi 120 saboda abin da zai zube a hanya. Rairayi kubik mita 8, tsakuwa 16. Idan injiniyan ya rubuta haɗi mai ƙarfi, kamar 1:1.5:3, to buhu takwas ne kowane kubik mita, kuma maganarsa za ka bi, ba tawa ba, domin shi ya ga zanen.

Idan wani ya ce maka zai fitar da dekin nan da buhu 80, kada ka yi murna. Kubik mita ɗaya na kankare yana da nauyin kilo kusan 2,400. Naka 18 ya haura tan 43, kamar a jibge buhun siminti 860 a sama. Iyalinka ne za su kwana a ƙarƙashinsa, Alhaji. Ka rage tayil, ka jinkirta fenti, amma kada ka rage simintin dekin.

Saura tifa. Tifa sunan mota ne, ba awo ba ne. Akwai ƙarama, akwai babba, akwai wadda aka ƙara wa katako a gefe. Na taɓa karɓar rairayi a wani gini wajen Gagi, direban ya ce mini kubik mita biyar ya kawo. Na ce ya dakata kada ya juye, na hau da tef. Tsawon bodin daga ciki mita 3.5, faɗi mita 2. Na sa yaro ya baje tozon rairayin da shebur, na soka rodi har ya taɓa ƙarfe, na auna, santimita 60. Wato 3.5 sau 2 sau 0.6, kubik mita 4.2. Ban ce ya yi niyyar cuta ba, shi ma abin da aka gaya masa ya faɗa. Amma a tifa goma, giɓin ya kusa tifa biyu. Ka auna a cikin mota, domin in an juye ya zama tuli, awonsa ya yi wuya. Kuma ka sani rairayi mai danshi, irin wanda aka ɗebo daga gulbi da safe, yakan kumbura, ya fi busasshe cika ido da wajen kashi ɗaya cikin huɗu.

TAMBAYA: Malam, muna da tankin ƙasa a gida a Arkilla. Idan famfo ya ɗauke mukan sayi tankar ruwa, a ce mana lita 10,000 ce, amma ba ta kai mu kwanakin da muke zato. Yaya zan san gaskiyar abin da aka zuba mini? Kuma wanne ya fi sauƙi, tanka ko 'yan garuwa? (Wata uwargida, Arkilla)

AMSA: Hajiya, tankinki shi ne mudunki, kuma ya fi bakin kowa gaskiya. Aikin yini ɗaya za ki yi, ki huta har abada.

Ranar da ruwan ya yi ƙasa, ki sa a auna miki tsawon tankin da faɗinsa daga ciki. Na nanata daga ciki, domin kaurin bulo ba ya riƙe ruwa. A ce an sami mita 3 da mita 2, zurfi mita 2. Cikinsa kubik mita 12 ke nan, lita 12,000. Amma lambar da za ki riƙe a ka ita ce ta ƙasan tankin: 3 sau 2, murabba'in mita 6. Kowane murabba'in mita idan ruwa ya hau kansa santimita ɗaya, lita goma ne. Don haka a wannan tankin duk santimita ɗaya da ruwa ya tashi, lita 60 ya shigo.

Ki sami miƙaƙƙiyar gora ko katako mai tsabta, a yi masa tsaga kowane santimita goma. Kafin mai tanka ya kunna inji, a tsoma sandar har ƙasa, a ga inda ta jiƙe. In ya gama, a sake tsomawa. Lita 10,000 ya kamata ya ɗaga ruwan santimita 167, wato 10,000 a raba da 60. Idan kika ga ya tashi 130 ne kawai, to 130 sau 60, lita 7,800 aka zuba miki. Ba sai an yi hayaniya ba. A yi awon a gabansa, a nuna masa jiƙon sandar. Mai gaskiya zai ji daɗi, domin shi ma ya fita daga zargi. Kuma in kin ga awon ya cika amma ruwan yana ƙarewa da wuri, ki tsoma sandar da dare bayan kowa ya kwanta, ki sake tsomawa da asuba kafin a ɗiba. Idan ya sauka santimita biyu, lita 120 ke tsiyayewa cikin ƙasa kowane dare, kusan jarka biyar. Wannan aikin birkila ne, mai tanka ba shi da laifi.

Maganar wanne ya fi sauƙi, ki mayar da su duka kubik mita sai su tsaya kafaɗa da kafaɗa. Kuɗin jarka ɗaya sau 40, shi ne kuɗin kubik mita a hannun ɗan garuwa. Kura mai jarka 12 lita 300 take ɗauka, don haka kura uku da jarka huɗu su ne kubik mita. Kuɗin tanka kuwa ki raba shi da abin da sandarki ta nuna, ba abin da aka rubuta a jikin mota ba. Ki duba jarkokin ma, domin akwai masu lita 20, su kuwa sai guda 50.

Ga masu rijiya ko tanki mai zagaye, ga gajeriyar hanya: faɗin bakin sau kansa, sau zurfin ruwan, sau 0.785. Rijiya mai faɗin mita guda da ruwan da ya kai zurfin mita biyu tana riƙe da kubik mita 1.57, jarka 63 ke nan.

Tun da maganar ruwa muke, bari in ƙara miki abin da ba ki tambaya ba, don yana damuna duk damina. Idan aka ce an yi ruwan sama milimita ɗaya, ana nufin lita ɗaya ta sauka a kan kowane murabba'in mita. Rufin kwano mai mita 12 da mita 10, idan aka yi ruwa mai kyau na milimita 25 a daren Agusta, lita 3,000 ke bin indararo, jarka 120 a dare guda. Sakkwato takan sami wajen milimita 600 ko sama da haka a shekara. A kan wannan rufin, kubik mita 72 ke nan, fiye da tanka bakwai. Mukan bar shi ya kwarare lungu ya zama taɓo da sauro, watan Afrilu kuma mu bi kura da kuɗi a hannu. Ki bar ruwan farko ya wanke ƙurar kwanon, sauran ki ja shi da bututu zuwa tankin, ko don wanki da wanka.

Idan kuma akwai tankin roba a sama, ki tuna kowane lita ɗaya na ruwa kilo ɗaya ne. Tanki mai lita 2,000 idan ya cika, tan biyu ne, nauyin buhun siminti 40. Ki sa a duba ƙarafan da yake kai da waldarsu, musamman in yara na wasa a ƙarƙashi.

TAMBAYA: Malam, an koya mana mita ɗaya santimita 100 ne. Me ya sa kubik mita ɗaya ya zama kubik santimita 1,000,000 ba 100 ba? Na faɗi wannan tambayar sau biyu a gwaji. (Wata ɗaliba, Runjin Sambo)

AMSA: 'Yata, kin faɗi ne domin an ba ki lambar ki haddace, ba a nuna miki inda ta fito ba. Ɗauki ɗan ƙaramin dunƙule mai santimita ɗaya ta kowane gefe, ya ɗan fi dunƙulen Maggi ƙanƙanta. Jera su a gindin akwatin kara da na ba Alhaji labari, daga wannan kusurwa zuwa waccan: guda 100, layi ɗaya ke nan. Don ki rufe ƙasan akwatin sai kin yi irin wannan layin sau 100, sun zama 10,000. To, wannan shimfiɗa ɗaya ce, kaurinta santimita ɗaya tak. Sai kin ɗora shimfiɗa 100 kafin ki kai baki. Ɗarin nan sau uku take zuwa, ta tsawo, ta faɗi, ta tsayi: 100 sau 100 sau 100, miliyan ɗaya. Ɗan ukun da ake ɗorawa a kan m abin da yake faɗa ke nan.

Lita kuwa akwati ce mai santimita 10 ta kowane gefe, wato kubik santimita 1,000. Goma a tsawo, goma a faɗi, goma a tsayi, shi ya sa guda 1,000 ke cika kubik mita. Kin san abubuwan nan a gida ba ki dai haɗa su ba. Sirinjin da aka rubuta 5 ml, kubik santimita biyar ne. Babur da ake ce wa 125cc, girman cikin silindarsa ke nan, kubik santimita 125. Ledar fiya wata mai rabin lita, sai guda 2,000 ke yin kubik mita, wato jaka 100 masu ɗauke da ashirin-ashirin.

Ga tarkon da masu jarrabawa ke so. Idan aka ninka kowane gefen akwati biyu, cikinsa ba biyu yake zama ba, takwas ne, 2 sau 2 sau 2. Rami mai mita biyu ta kowane gefe kubik mita 8 ne. Mai haƙa rami ya san haka a damtsensa ko bai shiga aji ba.

Wannan daidaituwar tsakanin mita da lita da kilo da gangan aka yi ta. Bayan juyin juya halin Faransa na 1789, masanan ƙasar suka nemi awon da ba zai dogara da ƙafar sarki ko hannun wani ba. Suka ɗauki nisan da ke tsakanin ƙuryar arewacin duniya da layin da ya raba ta tsakiya, suka kasa shi kashi miliyan goma, kashi ɗaya suka kira mita. A 1799 aka ƙera sandar ƙarfe mai wannan tsawon aka adana a Faris. Daga mita aka fitar da lita, daga nauyin lita ɗaya ta ruwa aka fitar da kilo. A 1875 ƙasashe 17 suka sa hannu a yarjejeniyar mita, tun 1983 kuma da gudun haske ake tantance tsawonta. Mu ma muna da namu awon tun kaka da kakanni, taƙi da kamu da gaba, da mudu da tiya, kuma sun yi mana aiki. Matsalarsu ita ce gabar dogo ba ta gajere ba ce, tiyar wannan kasuwa kuma ba ta waccan ba ce. Amma tunanin awon ciki ba baƙo ba ne a wurinmu. Sa'in da ake fitar da zakkar kono da shi, mudun Annabi huɗu, awon ciki ne ba na nauyi ba. Kubik mita ma haka yake: na ruwa kilo 1,000, na busasshen rairayi wajen 1,600, na fetur bai kai 800 ba, alhali akwatin ɗaya ne.

TAMBAYA: Malam, ni manomin rani ne. Kullum a rediyo sai a ce madatsar Goronyo tana ɗauke da kubik mita miliyan kaza, ko an saki kubik mita kaza. Ba na gane ko da yawa ne ko kaɗan. Kuma ina so in san ruwan da injina yake ba shinkafata. (Wani manomi, Wurno)

AMSA: Malam, Allah ya ba da yabanya mai albarka. Miliyan ba ta shiga kai sai an sauko da ita gona, to bari mu fara daga gonar.

Hekta ɗaya mita 100 ce ta mita 100, murabba'in mita 10,000. Idan ka kwantar mata da ruwa mai zurfin santimita 10, kusan faɗin tafin hannu, kubik mita 1,000 ka zuba, lita miliyan ɗaya, tankar ruwa 100 masu lita 10,000. Shinkafa kuwa daga dashe zuwa yanka, idan aka tara duk ban-ruwan da aka yi mata, da wanda ƙasa ta shanye da wanda rana ta ɗauke, yakan kai zurfin mita guda ko fiye. Ka ga kowace hekta tana shan kubik mita 10,000 ko sama a noma ɗaya.

Yanzu ka ɗaga kai ka dubi Goronyo. An kammala ta a kan gulbin Rima a 1984, an gina ta don ta riƙe kubik mita sama da miliyan 900. Ta Bakolori da ke kan gulbin Sakkwato wajen Talata Mafara, wadda aka gama a 1978, miliyan 450 ce, kusan rabin Goronyo. Kowace miliyan ɗaya ruwan shinkafar hekta 100 ne. Amma kada ka raba miliyan 900 da haka ka ce duk na gona ne. Daga cikinsa birnin Sakkwato ke sha, ana sakin wani ya bi gulbi don na ƙasa, rana kuma tana da nata kason. Idan zafin bazara ya ɗauke santimita ɗaya daga fuskar ruwa mai faɗin murabba'in kilomita ɗaya, kubik mita 10,000 ya tashi sama, ruwan hekta guda na noma sukutum. Kuma lambar da ake faɗa ta girman tafkin ce lokacin da aka gina shi. Rairayi da laka da gulbi ke kawowa kowace damina suna zama a ƙasa suna cin wurin ruwa. Don haka in ka ji an ambaci lamba a rediyo, ka saurara ka ji: abin da madatsar za ta iya ɗauka ake nufi, ko abin da ke cikinta yau? A bazarar 2018 an ba da labarin ruwan ya koma wajen kashi 10 cikin 100, kuma duk wanda ke noma a bakin Rima ya ji a jikinsa.

Idan kuma aka ce ana sakin kubik mita kaza a daƙiƙa, wannan awon gudu ne. Kubik mita ɗaya a daƙiƙa yana nufin jarka 40 na wuce ka kafin ka ƙifta ido sau biyu, a yini da kwana kuma ya tara kubik mita 86,400. In ka ji an ce ɗari-ɗari a daƙiƙa, ka kwashe inji da taki daga fadama tun da wuri. Waɗanda suka ga ambaliyar Satumbar 2010, wadda ta yanke hanyar jami'a a Kwalkwalawa, sun san abin da nake faɗa.

Injinka kuwa, kada ka dogara da abin da aka rubuta a kwalinsa, domin zurfin rijiya da tsawon tiyo da tsufan inji duk suna rage masa ƙarfi. Ka kai duro mai lita 200 bakin tiyon, a daidai inda ruwan ke faɗawa gona. Ka sa yaro ya riƙe waya yana duba daƙiƙa. A ce duron ya cika cikin daƙiƙa 20. Lita goma ke nan a daƙiƙa, 600 a minti, 36,000 a awa, wato kubik mita 36. Idan gonarka rabin hekta ce, kana so ka ba ta santimita biyar, 5,000 sau 0.05 ya ba ka kubik mita 250. Ka raba da 36, wajen awa bakwai injin zai yi. Ka san man da yake sha a awa, don haka ka san kuɗin ban-ruwa ɗaya tun kafin ka bar gida. Ka maimaita awon duron a watan Maris, lokacin da ruwan rijiya ya yi ƙasa. In ka ga ya koma daƙiƙa 30, awa bakwai ɗinka ta zama goma da rabi, sai ka ƙara tanadin mai.